Abincin Mai Tsohon Layi

Dab da magariba Tajuddeen ya sauko daga jirgin ƙasa na LRT a tashar Wangsa Maju, ana yayyafi. Ya bi gefen kwata zuwa shagon mamak na bakin titi, inda Indiyawa Musulmi ke sayar da shinkafa da miyar kori. Abinci zai karɓa, amma ba shi ya saya ba.

Da ya zo wannan baƙuwar ƙasa karatun digiri na uku ya sayi sabon layin waya. Ashe a wurinsa kaɗai yake sabo, kamfani ne ya karɓe shi daga wani ya sake sayarwa. Tun ranar farko saƙonnin mutumin ke shigowa. Asibiti na tuna wa Pak Samad ranar ganin likita, 'yan unguwarsu na gayyatarsa walima. Har hotonsa ya gani, wani tsoho mai baƙar hula da leɓe a zazzage. Sai kuma saƙon mamak, kullum da yamma: abincin Pak Samad ya kammala, an riga an biya, a zo a nuna lamba a ɗauka.

Mutumin kirki kira zai yi ya ce an yi kuskure. Tajuddeen kuwa cewa ya yi rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Mai karatun digiri na uku, da gemunsa da tabarau, ya riƙa zuwa yana miƙa waya yana karɓar garaɓasa. Ga matarsa Mubina da ciki, ga ta da kwaɗayin shinkafar mamak, sai ya samu hujjar da zai kwantar wa zuciyarsa hankali. Ita dai ta ɗauka saya yake yi, har albarka take sa masa.

A wannan yammacin yana riƙe da ledar, wayar ta yi ƙara. Babu lamba a fuskarta. Ya kara a kunne, ya ji numfashi mai danshi, kamar na mai mura, sannan wata murya ta ce a hankali, "Dah makan?"

Gaisuwar mutanen ƙasar ce, ka ci abinci? Kowa na yin ta. Shi kuma Bahaushe ba ya riƙe da abinci ya kasa tayi, ko da bai san mutum ba, tunda ya san za a ce masa alhamdulillahi. Sai ya yi dariya ya ce, "Belum lah," wato tukuna. "Zo mu ci."

Ya ji an haɗiyi yawu. "Boleh," in ji muryar, wato ta amsa tayin, layin ya katse.

Daga ranar abinci ya daina yi musu amfani. Al'adarsa ce ya shige kicin shi kaɗai ya juye shinkafar a faranti, ya yage takardar da ke ɗauke da sunan Pak Samad, ya ɗan kai loma. Bismilla kuwa ba ta fita, don ko ɓarawo yana jin nauyin ambaton Allah a kan kayan sata. In ya kawo farantin falo, Mubina ta yi tata bismillar ta ci, sai ta yamutsa fuska ta ce shinkafar yauƙi take yi, naman kuma lami, kamar wanda aka tsotse aka mayar. Ya ce ciki ne ke sa ta tsirfa.

Tana ci tana ramewa. Wuyanta ya yi tsawo, zobenta ya fara zamewa. Likita ta auna ta, ta sake aunawa, ta ce jaririn ya tsaya da girma, in aka ci gaba a haka ba ta da tabbas zai zo da rai. Tajuddeen ya ji tsoro ƙwarai, amma maganin da ya gani shi ne a ƙara mata abinci. Ya koma mamak.

Ranar ya tarar da wani dattijon ma'aikacin shagon a bayan kanta, wanda ya daɗe yana hutu a ƙauyensu. Dattijon ya dubi lambar, ya dubi Tajuddeen, ya janye hannunsa daga ledar. Ya ce Pak Samad ai ya rasu tun bara, asusunsa ne kawai ba a rufe ba yake ta biya. Kuma ko da yana raye bai taɓa cin abincin nan ba. Bayan gini yake kai shi, ƙarƙashin matattakala, ya ajiye wa wani abu da ya gada daga kakansa, abin da 'ya'yansa suka ƙi karɓa. Dattijon ya sunkuyo ya rage murya, ya ce da Turanci ba abincin mutane ba ne.

"That one not for people, boss."

Da mai hankali ne da a nan ya bar ledar. Amma hannu ya saba, sai da ya tura ƙofar kicin ya lura tana hannunsa. Ya dangwarar da ita a kan kantar kicin. Daga nesa ladan ya fara kiran magariba. Mubina tana falo a kan darduma.

Wari ya fara zuwa. Ƙarni, irin na kwatar mahauta da rana.

Ledar ta motsa.

Ga wani abu tsugune a kan kantar, gwiwoyinsa sun wuce kunnuwansa. Fuskar Pak Samad ce, amma a sanye take kamar rigar aro, ta yi masa yawa. Ya kwance ledar da farce. Ya zaro harshe, dogo, fari fat, mai gashi. Ya ɗauki cinyar kaza ya zura a baki ya tsotse, ya fito da ita tana naso, ya mayar daidai inda take. Ya bi shinkafar yana lasa yana mayarwa, a tsanake, da ladabi, kamar mai gyara wa baƙo faranti.

Wannan Mubina ke ci. Da hannunsa yake kai mata.



Abin ya ɗaga kai ya shinshina. Ya sauko. Ya bi ta gefen Tajuddeen, sanyi da santsi suka goge masa ƙafa. Ya rarrafa falo, ya kai hanci daidai cikin Mubina, ya lumshe ido.

"Dah makan?" ya raɗa wa cikin.

Mubina ta ƙame, carbi a hannu.

Tajuddeen ya nemi Ayatul Kursiyyu ya rasa. Abin da ya zo bakinsa kawai addu'ar yara ce, ta wanda ya manta bai yi bismilla ba. Ya faɗe ta: "Bismillahi awwalahu wa akhirahu."

Abin ya sandare. Cikinsa ya yi ƙugi.

Sai ya fara kelaya amai.

Duk abin da ya tsotsa tun ranar tayin ya dawo. Ruɓaɓɓen romo, kitse mai tsutsa, baƙin ruwa mai ɗumi. Ya malale tayil, ya jiƙa darduma, ya haura musu idon sawu. Tajuddeen ya fizgi hannun Mubina, santsi ya kwashe shi, ya faɗi da baki a ciki, ya tashi, suka fice ba takalmi. A matattakala ya zare layin daga wayar ya karya da haƙori ya tofar.

A unguwar Sri Petaling suka kwana, gidan wata 'yar ajinsu Saudatu. Ba su sake taka wancan gidan ba, ko kayansu wasu suka kwaso musu. Mubina ba ta tambaye shi komai ba sai da ta yi wanka har fatarta ta yi ja. Sannan ta sa shi a gaba, ya faɗa mata inda abincin ke fitowa. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba.

"Malam Tajuddeen," ta ce, sunan da ba ta taɓa kiransa da shi ba, "shi wancan yunwa ce ta kawo shi, kuma kiransa aka yi. Wallahi ba shi nake ƙyanƙyami ba."

Allah ya yi jaririyar ta zo da rai, 'yar mitsitsiya, aka sa mata Husainatu. Ta yi ƙiba daga baya, tana wayo. Auren yana nan, suna gaisawa, suna zuwa makaranta tare. Amma har yau Mubina ita ke cefanenta, ita ke girkinta, kuma ko dabino Tajuddeen ya miƙa wa yarinyar, sai uwar ta karɓe daga hannunta ta jefa a shara, ta je ta wanke mata yatsu.