Mai Awara a Ƙofar Inari

Da rana ta yi ja, Tsuya ta ɗora tiren awara a kafaɗa, ta naɗe tabarma, ta nufi dutsen Inari, abin bautar garin, wanda ɗakin bautarsa ke can sama. Gobe bikin shekara, kuma duk wanda ya riga shimfiɗa tabarma a farfajiya, wurin nasa ne. Nata wurin yana gindin fitilar dutse. Tun tana amarya a nan take suya.

A gindin matakala ta tarar da tsoho Gonda, mai kula da ɗakin bautar, yana shara.

"Ina zuwa, Tsuya? Makokin mijinki bai ƙare ba. Kami, iskokin da muke bauta wa, ba sa son warin mutuwa, kin sani."

"Na rufe kantar bautar gidana da farar takarda, na watsa gishiri, na yi wanka. Me kuma ya rage, Baba? In mutu ni ma?"

"Ki bari sai baɗi."

"Baɗi? Sueko mai kifi ta gaje min wuri, kai kuma ka ci kifin kyauta!"

Ta yi tsaki, ta jira ya shige bayan rumfa. Ko raɓawa gefe ba ta yi ba. Ta tsakiyar jar ƙofar da ke bakin matakalar ta bi, hanyar da ake bar wa kami.

Jajayen ƙofofi irinta a jere suke har saman dutsen. Gyare na ta kuka. Ta tsaya a kwamin dutse ta wanke hannu, ta kurkure baki. Ruwan ya yi ɗanɗanon toka. Ta tofar.

Gyaren ya yi shiru.

Wani wari ya taso, na turaren da aka ƙona ranar jana'iza. Ta ƙara sauri. Ƙofa bayan ƙofa, ba alamar farfajiya.

Sai tari a bayanta. Busasshe, mai ɗan fito a ƙarshe. Shekara da shekaru tana kwana da wannan tarin na mijinta.

Ba ta waiwaya ba.

A gabanta, gumakan yanyawa na dutse guda biyu, masu gadin Inari, da jan ƙyalle a wuya, suna zaune a tsakiyar hanya. Alhali a gefen hanya ta san su.

"Ke aka hana," in ji wata murya ƙasa-ƙasa daga wajen gumakan. "Kuma ku biyu kuka zo."

Ta san yanyawar Inari da son awara, kuma hali ba ya barin mai shi.

"Zan ba ku rabin tiren. Ku bar ni in shimfiɗa tabarma."

"Duka."

"Rabin, da na gobe."

Numfashi mai sanyi ya sauka a ƙeyarta.

Ta saki tiren. Da baya-baya ta sauko, ido a rufe, tana jin taunar awara ƙurus-ƙurus, har ta faɗa kan tsintsiyar Gonda.

Gonda ya kaɗa mata sandar tsarkakewa mai fararen takardu, ya zuba mata gishiri a kafaɗa.

Washegari Sueko ta samu gindin fitila, amma ba ta kai azahar ba ta kwashe kifinta. Ta ce wani yana ta tari a kunnenta. Tun daga ranar babu wanda ya sake shimfiɗa tabarma a wurin.

Tsuya kuwa a bakin titi take suya yanzu. In aka tambaye ta, sai ta juya awara da ƙarfi har mai ya fallatsa.

"Ku ji min mutumin nan! Da ransa bai taɓa ɗaukar min ko tire ba. Yanzu shi ne ya zaune min wuri."