Miyar da Babu Gishiri

Auta tana tsaye a kicin da ludayi a hannu. Ta ɗanɗana miyar, ta sake ɗanɗanawa. Ta daɗe da daina yarda da harshenta.

Auren soyayya suka yi da Injiniya, kuma bai taɓa ɗaga mata murya ba. Sai dai in ta tuna masa abin da ya faɗa jiya, ya yi murmushi ya ce, "Ni? Yaushe? Haba Bebi, kanki ɗaya kuwa?" Makulli ya riƙa barin inda ta ajiye shi. Girkinta da ake yabo a gidansu ya koma "gishiri zalla". Ita ke ba da haƙuri tana kuka, shi ke share mata hawaye. Daga baya ya gaya wa iyayenta cewa ta samu taɓin hankali: za a kai ta asibiti, jaririyarsu kuma za ta koma hannun mahaifiyarsa.

Ranar nan Baba, mahaifinta, ya zo ya gane wa idonsa.

Aka kawo abinci falo. Injiniya ya kai cokali ɗaya baki, ya ajiye a hankali.

"Ka gani ko, Baba? Gishiri kamar da gayya! Amma ba laifinta ba ne, lalura ce."

"Sori... wallahi na ɗauka ban sa ba," in ji Auta. "Ƙila na sa na manta."

Baba ya ci gaba da cin nasa, sai da ya cinye tas. Ya cire tabarau ya goge.

"Auta, me ya sa kika ɗauka ba ki sa ba?"

"Saboda hawan jininka, Baba. Likita ya hana ka."

"To, shekara da shekaru rabona da gishiri. Ko ƙwaya ɗaya ta faɗa tukunya, harshena zai gaya mini. Babu gishiri a miyar nan, 'yata. Ko kaɗan."

Injiniya ya yi 'yar dariya. "Baba, ka san tsufa, ɗanɗano yakan—"

"Au! Ni ma za ka fara da ni?"

Auta ta zube ƙasa. "Ashe lafiyata ƙalau? Baba, ashe ƙalau nake?" Abin da ya karya zuciyar tsohon shi ne, tana wannan tambayar amma mijin take kallo, tana jiran ya tabbatar mata.

"Tashi ki ɗauko mini jikata," in ji Baba. "Mu tafi gida."

Ta daɗe kafin ta warke, domin ta so shi da gaske. Amma wata rana a kicin ɗin mahaifiyarta ta ɗanɗana miya sau ɗaya, ta ce, "Ta yi daidai," ba ta tambayi kowa ba.

'Yan mata, haƙuri abu ne mai kyau, amma ba ya nufin ki ƙaryata idonki da harshenki. Mai sonki ba ya raba ki da hankalinki. Iyaye kuma, kafin ku yanke wa ɗiyarku hukunci, ku ɗanɗana da bakinku.