Ruwan Batir a Bakin Rariya

Kademi ba ta jira Muzammil ba. A shekarun da ya yi a Fatakwal yana gyaran kwamfuta, an sare darbejiyar ƙofar gidansu, an kafa shagon cajin waya a gurbinta. An rushe yawancin ɗakunan ƙasa, an tayar da na bulo da kwano, masu zafi kamar tanda. Rijiyar tsakar gida ta ƙafe, an rufe bakinta da tsohon ƙyaure. Baffa, mahaifinsa, ya rage magana ƙwarai. Zulfa, ƙanwar da ya bari tana wasan gaɗa, ta zama budurwa mai ɗinkin hula. Goggo Hanne, ƙanwar Baffa, ita ke riƙe da madafa yanzu. Inna kuwa tana maƙabarta, saƙon rasuwarta ma sai bayan an dawo daga kai ta ya same shi.

Abin da ya rage na Inna muryarta ce. Ba ta iya rubutu ba, saboda haka da wayar Zulfa take aika masa saƙon murya: faɗa, addu'a, labarin akuyar da ta haihu, wani sa'in waƙar daka kawai da dariya a ƙarshe. Tasa wayar an zare ta a tasha tun tuni. Ta Zulfa ce kaɗai ke ɗauke da su, ga ta a cike maƙil, gilashinta a tsage, tana mutuwa duk sanda ta ga dama.

Don haka ya zo da kaya a buhu: tsohuwar kwamfutar tebur ta gwanjo, 'yar rauta mai haɗa wayoyi da kwamfutar, faifan ajiya guda biyu, da farantin sola ɗaya. Niyyarsa faifai biyun su riƙa kwafar juna, in ɗaya ya mutu ɗaya ya tsaya. Da ya jona su, ɗayan bai ko motsa ba. Ya ce ba komai, ɗaya ma ya isa kafin ya samo wani.

"Wannan tarkacen fa?" in ji Baffa.

"Saba ce, Baffa, wato rumbun ajiya na kwamfuta. Duk abin da ke wayoyin gidan nan a cikinta zai zauna. Kana zaure ma sai ka buɗe ka ji."

"Da a ina muke ajiyewa?"

"A wayar da ke faɗawa masai."

Baffa bai yi dariya ba.

Na'ura tana son sanyi, kuma ɗaki ɗaya ne ya rage mai sanyi a gidan: ɗakin ƙasa na can ƙurya, mai rufin azara, inda ake jibge garemani da buhunan taki. Muzammil ya share shi, ya ɗora kwamfutar a kan bulo, ya ja waya daga sola. Ya kwashe komai daga wayar Zulfa ya zuba a faifan, sannan ya goge na wayar don ta samu sarari. Zulfa na tsaye a kansa tana cizon yatsa.

"Yaya, ka tabbata tana ciki?"

"Ke dai baƙauya ce. Danna nan."

Ta danna, Inna ta yi sallama daga wayar, tana tambaya ko ya ci abinci. Zulfa ta zauna a ƙasa ta saurara har ƙarshe.

Saura batir, don na'urar ta kwana a kunne. Ya samo tsohon batirin mota a Gaya, ya ce zai juye ruwansa ya zuba sabo. Aikin ya kai shi har rana ta yi ja. Kaji sun fara hawa, shanu na shigowa gari, ladan na gyaran murya. A irin wannan lokaci ba mai zubar da ruwan zafi a ƙasa a Kademi, in kuwa dole ta sa, sai an yi bismilla an ce a kauce. Muzammil ya kinkimi batirin ya kai bakin rariyar da ke bayan ɗakin ƙasa, ya karkata shi. Ruwan ya bi ƙasa yana kumfa, wani ɗan hayaƙi mai yaji ya tashi.

Goggo Hanne ta saki muciya. "Kai! Ka yi bismilla?"

"Haba Goggo, ai ba ruwan zafi ba ne. Sanyi ƙalau."

"Sanyi ne yake cin ƙasa haka?"

Ya yi dariya, ya wanke hannu, ya tafi masallaci. Kajin da suka hau suka sauko gaba ɗaya, suka tsaya cirko-cirko a tsakar gida, ba wadda ta yi ko ƙyas.

Washegari da magariba dutse na farko ya faɗo a kan kwano. Aka ce yara ne. Baffa ya zaga bayan gida da tocila, ba kowa sai karan dawa. Jifan ya ci gaba kowace magariba, a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai jifan ba ya sauri. Duwatsun da ke gangarowa tsakar gida jiƙaƙƙu ne, suna warin ruwan batir. Wanda Goggo ta ɗauka ya sale mata fatar yatsu.

Sannan murya ta biyo. Ana cikin alwala sai a ji Inna daga ɗakin ƙasa, ƙasa-ƙasa, tana kiran Zulfa. Muzammil ya ce wani ne ya kunna saƙo a waya. Ya tattara wayoyin gidan ya kashe su a gaban kowa. Muryar ta sake kira. Ya san babu lasifika a jikin na'urar, shi ya haɗa ta da hannunsa. Ya kuma san duk saƙonnin Inna kamar fatiha, babu inda ta taɓa cewa, "Zulfa, zo ki ga yaron nan, bakinsa ya ƙone."

Ranar Alhamis Zulfa ta ajiye hular da take ɗinka ta amsa kiran. Suka same ta durƙushe a bakin rariya, tana kwasar jiƙaƙƙiyar ƙasa tana turawa a baki. Sai da Baffa da Muzammil suka haɗu kafin suka ɗaga ta. Leɓunanta suka yi ƙuraje. Daga ranar ba ta ƙara cin abinci ba, ba ta ƙara magana ba, sai dai ta buɗe baki iyakar buɗewa kamar mai kururuwa, ba sauti ko kaɗan. Aka kai ta asibiti, aka ɗaura mata ruwa, aka dawo da ita yadda aka kai ta. Wuyanta ya zama kamar sillen kara.

Baffa ya aika Gafasa aka ɗauko Malam Bubayero a bayan babur. Tsoho ne siriri, ba ya ɗaga murya. Ya iso bayan la'asar, ya zaga gidan, ya daɗe tsaye a bakin rariya yana kallon inda ƙasa ta yi fari. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin ƙasa, aka kwantar da Zulfa, Goggo ta riƙe ƙafafunta. Ya fara karatu.

Ya yi ta yi har inuwar katanga ta rufe su. Zulfa ta fara karkarwa daga yatsun ƙafa, ta banƙare, ta tashi zaune ba tare da ta dafa ƙasa ba. Da ta buɗe baki, muryar Inna ce ta fito.

"Malam, sassauta. Ni ma musulma ce."

Baffa ya juya fuskarsa ga bango.

"Musulma ba ta aron muryar mamaci," in ji Malam. "Wace ce ke?"

"Maƙwabciya. Tun kafin a haƙa rijiyar can muke bakin rariyar nan. Mai wannan muryar ko ruwan kanwa za ta zubar sai ta ce mu kauce. Ba mu taɓa fasa mata ko ƙoƙo ba." Kan Zulfa ya juya a hankali ya tsaya a kan Muzammil. "Ɗana yana shan ruwa a wurin. Bai ma iya tafiya sosai ba. Har ya mutu yana buɗe baki yana nemana, murya ba ta fita."

"Wallahi ban sani ba," in ji Muzammil.

"An tambaye ka. Ka yi dariya."

Can nesa ladan ya fara kira.

"Me kike so?" in ji Malam.

"Rai da rai."

"Yarinyar nan ba ta zuba miki komai ba."

"Ɗana ma bai zuba wa kowa komai ba."

Malam ya ɗora karatu, wannan karon da ƙarfi, yana tofawa a ruwa yana yayyafa mata. Aljanar ta yi ƙara, amma jikin Zulfa ne ke biya: jini ya ɓalle daga hancinta, ƙusoshinta suka nutse a hannun Goggo. Malam ya dakata, gumi na bin gemunsa.

"In na ƙone ki, yarinyar ba za ta kai safe ba, kin sani na sani. Kin ce ke musulma ce. To kisan kuskure ba a ƙisasi a kansa, diyya ake biya. Faɗi diyyarki."

"Zan kawo rago," Muzammil ya yi caraf. "Ko sa ne ma..."

"Rufe mana baki," in ji Malam, ko kallonsa bai yi ba. "Ba a yi wa aljani yanka."

Bakin Zulfa ya yi murmushi irin na Inna. "Ni ba ni da abin da zan danna in ji muryar ɗana. Shi kuwa wannan yana da na uwarsa, ga shi can yana ƙugi dare da rana a kan kabarin ɗana. Shi nake so. Ya daka shi da hannunsa, ina gani."

Muzammil ya miƙe tsaye. "Malam, faifai ɗaya ne. Babu wani a ko'ina, na goge na wayar. A ba ni ɗan lokaci in kwashe ko saƙo ɗaya ne, ko ɗaya tak..."

Wuyan Zulfa ya fara juyawa baya, a hankali, ya wuce inda wuyan mutum ke tsayawa. Aka ji ƙas. Goggo ta kurma salati.

Baffa ya juyo. Tun dawowar Muzammil bai yi masa magana mai tsawon wannan ba. "Wadda ta haife ka ba ka zo ka ɗauki makararta ba. Yanzu muryarta za ka riƙe, mu ɗauki ta 'yarta?"

Muzammil ya shiga ɗakin. Fankar na'urar ta yi shiru da ya zare waya. Ya sa sukudireba ya kwance faifan. Yana da ɗumi, bai fi tafin hannu ba. Goggo ta mirgino turmi. Ya jefa shi ciki, ya ɗaga taɓarya.

A bugu na farko bakin Zulfa ya fara karanto saƙon Inna na ƙarshe, kalma da kalma, har da tarin da ke tsakiya. "Muzammil, ɗan nan, an ce ruwa ake yi muku kullum, ka riƙa sa rigar sanyi..." Ya buga. "Na ajiye maka daddawa, in ka zo..." Ya buga. Muryar ta fara karyewa, tana tsallake kalmomi, tana shaƙewa. Ya ci gaba da bugu yana kuka da baki a buɗe, har ƙarfen ya lotse, abin da ke ciki ya zama gari-gari. Leɓunan Zulfa suka ci gaba da motsi, babu sauti.

Malam ya sa aljanar ta rantse ba za ta dawo ba, ta ɗaga yatsa. Zulfa ta yi atishawa mai ƙarfi ta zube a jikin Goggo. Kafin isha ta farka ta nemi kunu.

Ba ta tuna komai ba. A saninta zazzaɓi ta yi. Wuyanta ya ɗan karkace, kuma haka zai zauna, amma tana ci tana dariya, ta koma kan hularta. Baffa ya tara Goggo da Muzammil a zaure ya ce ba wanda zai gaya mata abin da aka daka a turmi sai wanda ya daka. Daga nan bai ƙara amsa gaisuwar ɗansa da fiye da ɗaga hannu ba.

Muzammil ya yi ta jiran ranar da bakinsa zai iya. Ya bi ta madafa, ya bi ta bakin famfo, kullum sai ya ɓige da tambayarta wuyan. Da ya ga ranar ba ta da niyyar zuwa, sai ya bar wa mai shagon caji farantin sola da gangar kwamfutar, ya yi magana da direban motar Kano.

Yana cusa riguna a jaka da hantsi Zulfa ta yi sallama, kanta a karkace, wayarta a hannu.

"Yaya, ashe da gaske tafiya za ka yi. Ina ta dannawa tun jiya, ba ta buɗewa."

"Na kashe na'urar."

"To kafin ka tafi mayar min da Innata cikin wayata. Na goge hotunan huluna duka, akwai wuri yanzu." Ta miƙo masa. "Ko waƙar dakan nan ce kaɗai, in sauran ba za su shiga ba."

Ya karɓi wayar, ya juya ta, ya shafa tsagar gilashin da babban yatsa. Daga zaure yana jin Baffa ya daina jan carbi.

"Faifan ne ya ɗan samu matsala," ya ce. "Sai na kai shi birni an duba."

"Amma tana ciki?"

"Tana ciki."

"Alhamdu lillahi. Ka kula da ita a mota, Yaya, kar a danne ta da kaya."

Ta fita da gudu ta ɗauro masa gyaɗa a leda. Ya ajiye wayar a kan tabarma, ya durƙusa a kan jakar da gwiwa, yana jan zif ɗin da ya ƙi rufuwa.