Indararon Kusurwar Arewa

Ni da Desmond, mijin ƙanwata, muka hau rufin cocin ƙauyenmu satar darmar da aka shimfiɗa a kansa, dare ya raba, ruwa na zuba. Tun muna yara muke jifan indararon dutsen da ke kusurwar arewa, wanda aka sassaƙa kamar mutum a tsugune ya wangame baki, ruwan rufi na fita ta nan. Desmond ne ma ya guntule masa kunnen hagu.

Muna cikin naɗe darma sai na hango mutum tsugune a bakin rufi.

"Desmond, ba mu kaɗai ba ne."

"Kai dai ba ka rabuwa da tsoro. Tsohon nan ne mai kula da coci." Ya ɗauki ƙarfen ɓamɓara ya nufe shi. "Baba, sauka tun kana da ƙafafunka."

Mutumin ko gezau. Desmond ya maka masa ƙarfe a kafaɗa. Ƙarar da na ji ba ta nama ba ce, har tartsatsi ya tashi. Sai mutumin ya damƙi wuyan hannunsa, ƙashi ya ce ƙaras. Ya ɗaga shi ya buga da bangon hasumiyar cocin, ya sake bugawa, har Desmond ya daina kiran sunana.

Sannan ya juyo gare ni. Na haske fuskarsa da tocila. Ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ruwa ya ɓalle daga ciki, haɗe da ruɓaɓɓen ganye da gansakuka. Kunnen hagu babu.