Ɗanrakiya da Sunan Ɗan Fari

Na'urar ba ta fi maɓallin riga girma ba. An maƙala ta a wuyan rigar wani dattijo da ya yarda a yi gwaji da shi. Ya tako tsakiyar dandali, ya zube a kan katifa kamar yadda aka koya masa. Nan take maɓallin ya kawo koren haske, wata murya mai taushi ta fito daga cikinsa.

"Baba, na ji ka faɗi. Wa zan kira maka? Faɗi sunansa."

"Nafi'u," in ji dattijon.

Wayar ɗansa ta ɗau ƙara a cikin 'yan kallo. Kafin a gama waigawa, rufin zauren ya buɗe, farin jirgin ɗaukar majinyata marar matuƙi, wanda Katsinawa suke kira balbela, ya sauko ya tsaya kusa da katifar. Zaure ya ɗauki tafi. Kamfanin Ƙyalli ya gabatar da sabuwar na'urarsa ke nan, mai suna Ɗanrakiya.

Har Murjanatu Haladu sai da ta tafa, ita kuwa tafinta tsada gare shi. Ita ce mai shirin "A Taɓa A Ji", inda ake gwada sababbin na'urori da manhajoji a gaban jama'a. Na'urar da ta yi kyau, ta ɗora mata farin goro. Wadda ta gaza kuwa, ɓawon gyaɗa. Ita ce ta yanka tuwon tukunyar nan mai tuƙi da kanta, ta nuna wa duniya gudajin da ke ciki, tukunyar ba ta ƙara shiga kasuwa ba. Masu kamfanoni suna gaishe ta da fara'a, in ta juya baya su yi ta addu'a.

Dabarar Ɗanrakiya ta burge ta, don ta san matsalar da aka zo magancewa. Na'urorin da suka gabace shi da sun ji tsoho ya yi ƙasa sai su kira jirgi, ba sa bambance faɗuwa da sujada. An sha ganin balbela tana shawagi a tagar mutum yana tsakiyar sallar la'asar. Shi ya sa injiniyoyin Ƙyalli suka sa sharaɗi: na'ura ba za ta kira kowa ba sai wanda ya faɗi ya ambaci sunan makusancinsa, daidai yadda yake a rajistar birni. Hukumar lafiya ta riga ta amince, bayan Sallah za a raba wa kowane tsoho a garin.

Murjanatu ba ta yanke hukunci a zauren kamfani. Ta karɓi guda ta kai wa mahaifiyarta, Inna Tasalla, wadda ke zaune ita kaɗai a can saman ɗaya daga dogayen gidajen Ƙofar Ƙaura, inda jirgin ƙasa na sama ke wucewa ta gefen taga. A matsayin makusanci ta sa yayanta Shu'aibu, ɗan farin Inna, don shi ya fi kusa, kuma mabuɗin gidan na hannunsa.

Wata rana da hantsi Inna ta zame a ɗakin girki, ƙugunta ya karye. Ba Shu'aibu, ba balbela. Sai da rana ta take wata maƙwabciya ta jiyo nishi ta bango.

A asibiti Murjanatu ta kunna abin da na'urar ta naɗa.

"Inna, na ji kin faɗi. Wa zan kira miki? Faɗi sunansa."

"Yaron nan."

"Ban sami wannan suna ba. Faɗi sunansa."

"Yayan Murja mana! Ai kin san shi!"

"Ban sami wannan suna ba."

Haka aka yi ta yi, muryar tsohuwa tana raguwa, ta na'ura tana nan da taushinta. Murjanatu ta kashe. Kuka ya zo mata, haushi ya danne shi.

"Inna, me ya hana ki faɗa?"

Inna Tasalla ta harare ta daga kan gado. "Ke, kanki ɗaya kuwa? Sunan nasa zan kama? Da bakina?"

"Rai ne fa, Inna!"

"To, sai me? Tun da na haife shi ban taɓa ba. Ba kuwa a ƙasan ɗakin girki zan fara ba, a gaban wani maɓalli."

Garin ya canja, gidaje sun hau sama, motoci sun bar ƙasa, amma kunyar ɗan fari tana nan inda kakanni suka ajiye ta. Murjanatu ta san da haka tun tana yarinya, kuma ita da hannunta ta rubuta sunan Shu'aibu ba tare da ta yi tunani ba. Wannan ya ƙara mata zafi.

A shirin wannan makon ba ta yi raha ba. Ta kunna wa jama'a muryar mahaifiyarta, da izininta, sannan ta ɗora ɓawon gyaɗa a kan Ɗanrakiya.

"Ƙirarsa ta yi kyau," in ji ta. "Batirinsa na jimawa, kunnensa ya fi na kyanwa. Amma an ƙera shi ne don iyayen wasu, ba namu ba. Uwar da ba ta kama sunan ɗan farinta, matar da ba ta kama sunan mijinta, duk a ƙasa zai bar su. In aka raba shi haka bayan Sallah, za mu yi ta zaman makoki. A dakatar."

Amsar kamfani ta zo daga bakin babban injiniyansu, Munzali Tukur, mutum mai sanyin magana da taurin kai. Ya yi wa Inna jaje, sannan ya ce tsohuwa ɗaya ba ta isa a rushe aikin shekaru ba. Ya ce alkunya ado ce, in buƙata ta kai buƙata kowa zai ajiye ta. Murjanatu ta ce to a kawo tsofaffi a gwada kai tsaye, gari na kallo. Ya ce ya yarda, kuma zai zo da mahaifiyarsa, Hajiya Furera, don shi ma ɗan fari ne.

Ranar gwaji kasuwa ta tsaya cak, mutane sun cika gindin manyan allunan talabijin da ke jikin gine-gine. Tsofaffi suka yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya. Wata ta ce "Malam", wata ta ce "Maigida", wata ta ce "Babangida", na'ura tana ta ba su haƙurin rashin samun suna. Wata ma zaginta ta yi. Daga ƙarshe aka zaunar da Hajiya Furera, aka danna maɓallin gwaji.

"Hajiya, wa zan kira miki? Faɗi sunansa."

Ta gyara mayafi ta dubi gefe. Munzali ya durƙusa a gabanta.

"Hajiya, kalma ɗaya ce. Aikina ne, duk gari na kallo."

"Allah ya sa wa aikin albarka."

"To da a ce da gaske kin faɗi fa? Da a ce ba kowa sai ke da ita?"

"Da sai in yi salati in jira ikon Allah," in ji ta, ba ta ko kalle shi ba. "Tashi, kana ɓata wandonka."

Dariya ta ɓarke a zaure da titi, mata suka rangaɗa guɗa. Kafin a rufe shirin, saƙon hukumar lafiya ya shigo cewa an dakatar da rabon. Murjanatu ta ji daɗi har cikin ranta, ba ta kuma ɓoye ba.

A bayan dandali ta tarar da Munzali zaune a kan wani akwati.

"Injiniya, a gidan Hausawa ka tashi. Yaya aka yi abin nan ya shige maka?"

"Bai shige mini ba," ya ce. "Abokan aikina sun tayar da maganar, ni na danne. Ƙannena in Hajiya ta kira su, har soro ana jin sunan. Ni kuwa 'kai' ne, ko 'wannan'. Na ɗauka in aka zo kan rai, za ta faɗa. Na so in tabbatar akwai inda za ta faɗa."

"Ƙugun uwata ne ya biya wannan ɗaukar taka."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ɗago. "In na gyara, za ki gwada?"

"Zan gwada, kuma ba zan tausaya maka ba."

Gyaran da ya yi mai sauƙi ne, har mutum ya yi mamakin yadda aka tsallake shi. Sabon Ɗanrakiya ba ya neman sunan rajista. Ranar da aka maƙala shi, tsoho zai keɓe da shi ya koya masa abin da yake kiran mutuminsa, ko laƙabi ne, ko "wancan", ko gyaran murya kawai. Na'ura ta riƙe ta kulle a cikinta. In mai ita ya ce sirri ne, ko kamfani ba shi da hanyar buɗewa. Munzali da kansa ya rubuta wannan makullin.

Murjanatu ta cika alkawari. Ta gwada shi a kan masu sujada, da masu gyangyaɗi, da wata tsohuwa marar haƙori ko ɗaya. Ta jefa shi a ruwan wanke-wanke. Ta nemi aibu ta rasa, abin da bai taɓa faruwa da ita ba. Ranar da ta ɗora masa farin goro, a tsaye ta yi shi.

Aka raba. Balbelu suka riƙa sauka inda ya kamata, a lokacin da ya kamata, masu sallah suka huta. Garuruwa suka yi ta aiko wakilai, wasu ma daga ƙasashen da aka ce suna da irin tamu kunyar. Inna Tasalla ta miƙe da sanda, ta kuma gano cewa in ta ce "Yayan Murja" wayarsa na ƙara ko ba ta faɗi ba. Shu'aibu bai sake samun sukuni ba.

Da damina ta kankama, zuciyar Hajiya Furera ta buga mata tana shanya a baranda, ta yanke jiki ta faɗi. Na'ura ta tambaya, ta amsa. Balbela ta riga ɗanta isa, likitoci suka ce da an ƙara jinkiri kaɗan da sai dai wani labarin.

Murjanatu ta je dubiya da yamma. Ta sami Munzali a barandar asibiti, maɓallin na tafin hannunsa, an cire shi lokacin da ake duba Hajiya. Bai lura da ita ba. Ya kai shi kusa da bakinsa, ya yi ƙasa da murya.

"Da ta faɗi, me ta kira ni?"

Koren hasken ya kawo. "Hajiya ta ce kada in faɗa maka."

"Ni na ƙera ka fa."

"Hajiya ta ce kada in faɗa maka."

Ya yi dariya, dariyar ta zarce har sai da ya share ido da hannun riga. Ya ga Murjanatu, ya ɗaga mata maɓallin. "Kin ji? Shi ya ji, ni ban ji ba."

Suka shiga tare. Ya sunkuya ya maƙala na'urar a gefen mayafin mahaifiyarsa, a hankali, don kada ya taɓa robar ƙarin ruwa. Hajiya Furera ta amsa gaisuwar Murjanatu da fara'a, ta tambayi jikin Inna, ta tambayi yara. Ɗanta na tsaye a kanta, ba ta dube shi ba.

"'Yar nan," ta ce, "ki ce wa wannan ya je ya ci abinci. Tun safe bai sa komai a cikinsa ba."