Kofur Mai Sarawa da Hagu

A gidansu babu mai kiranta da sunanta na yanka. Saja kowa ke ce mata, kuma kakanta ne ya laƙaba mata. Yarinyar nan akwai son gyara. In ƙaninta ya sa takalmi a baibai, ita ce a kansa. In Mama ta manta murfin tukunya, ita ce mai tuni. Ko kyanwa ta hau kujera sai ta sha umarni.

Kakan nata tsohon soja ne, da muƙamin kofur ya bar aiki. Yakan ce ai saja na gaba da kofur, don haka shi ba shi da ta cewa. Duk abin da ta faɗa sai ya ƙame, ya haɗe ƙafafu, ya ce, "An gama, Saja."

Kullum da safe suna da ɗan wasansu. Kaka zai fito daga ɗaki da hularsa ta soja a karkace. Saja za ta girgiza kai, ta ce wannan wane irin soja ne. Sai ya sunkuyo, ta sa hannu biyu ta daidaita masa hular. Ba ta taɓa tambayar kanta me ya sa hular ba ta zama daidai ba. Ita dai ta samu abin gyarawa, shi ke nan.

Wata rana Malama ta shigo aji ta ce Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya ta kusa. Ta tambaya ko akwai wanda ya san asalinta. Wani yaro ya ce rana ce ta hutu, aka yi dariya.

Malama ta ce ba don barci aka ware ta ba. Ta ce a da can an yi babban yaƙi, samari da yawa suka tafi, wasu ba su dawo ba. Da bindigogi suka yi shiru, sai mutane suka ce ba za su manta ba. Shi ya sa duk shekara ake taruwa. Ana busa begila, wato ƙahon soja, kowa ya yi tsit na ɗan lokaci. Ana ajiye furanni a gindin dutsen da aka rubuta sunayen waɗanda suka rasu. Tsofaffin sojoji kuma su zo da lambobinsu a ƙirji, su sara wa tuta.

Daga nan ta ce Saja ce za ta riƙe furannin makarantarsu a filin gari. Saja ta ji kamar ta tashi sama don murna.

Aka fara gwaji a filin makaranta. Malama ta koya musu sarawa: a miƙe tsaye, a ɗaga hannun dama, yatsu a haɗe, su taɓa gefen goshi. Saja ta iya tun a ranar farko. Kafin ka ce me, ta fara bin layi tana gyara wa 'yan ajinsu gwiwar hannu.

Ana cikin haka, ran nan Kaka ya biyo don ya tafi da ita gida. Ya iso daidai lokacin da ake sauke tuta. Sai ya tsaya cak a bakin ƙofar makaranta, ya miƙe, ya sara. Da hannun hagu.

Yara suka fara taɓa juna. Wata yarinya mai tsinin baki ta ce wai dama kakan Saja bai san dama da hagu ba. Yaron nan mai maganar hutu ya ce anya ma tsohon ya taɓa zama soja, ko dai hular ya saya a kasuwa. Dariya ta ɓarke. Saja ta ji kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa.

A hanya ba ta riƙe hannun Kaka ba. Ya yi mata ba'a, ba ta tanka ba. Ya nuna mata wani akuya da ya leƙa shagon tela, ko murmushi ba ta yi ba. Sai da suka kusa gida ta juyo.

"Kaka, ka ba ni kunya yau. Da dama ake sarawa. Ko 'yan aji ɗaya sun sani. In da hagu za ka yi, gara kada ka zo filin."

Kaka ya dube ta. Bai ƙame ba, bai haɗe ƙafafu ba. A hankali ya ce, "An gama, Saja."

Washegari hular ta fito a karkace kamar kullum, amma babu ba'a. Saja ta gyara ta tafi makaranta. Ita a ganinta ta yi abin kirki, ta koya wa tsoho daidai.

Da ta dawo da rana, sai ta ji wani nishi daga ɗakin Kaka. Ta leƙa ta gefen labule. Ga shi tsaye gaban madubi da singileti, gumi na zuba. Yana ɗaga hannun dama. Hannun ya taso har ƙirji, ya tsaya, ya hau rawa. Kaka ya cije leɓe, ya sa hagu ya tura shi sama. Sai ya saki wata 'yar ƙara, ya zauna daɓas a bakin gado. A kafaɗarsa akwai wani tabo mai zurfi, wanda Saja ba ta taɓa gani ba.

Mama ta rugo daga kicin. Ta ga kafaɗar ta kumbura, ta ɗauko man zafi tana shafawa tana faɗa. Ta ce ai likita ya hana shi tun tuni, me ya kai shi. Kaka ya ce motsa jiki kawai yake yi. Sannan ya ce ta mayar da kakinsa na soja cikin akwati, bana ba zai je fili ba.

Mama ta saki baki. Tun tana ƙarama ba ta taɓa ganin shekarar da bai je ba. Ko da zazzaɓi zuwa yake yi.

Saja ta bi Mama kicin. Ba a tambaye ta ba, ita da kanta ta faɗi abin da ta ce masa a hanya. Mama ta ajiye ludayi. Ba ta daka mata tsawa ba, kuma wallahi da tsawar ta fi sauƙi.

Ta ce mata ta zauna. Ta ba ta labarin wani abokin Kaka, mai busa musu begila, yaro mai yawan dariya. Tare suka shiga soja, kwano ɗaya suke ci. Wata rana a fagen daga aka harbi abokin. Kowa na neman mafaka, amma Kaka ya koma ya saɓo shi a kafaɗa, yana gudu da shi. A nan harsashi ya samu Kaka a kafaɗar dama. Bai yar da abokin ba har ya kai shi wurin likitoci. Abokin bai tashi ba. Sunansa na jikin dutsen nan na filin gari.

"Tun daga ranar hannun bai ƙara wuce ƙirjinsa ba," in ji Mama. "Kina tsammani don me hularsa ke karkacewa? Da hannu ɗaya yake sa ta. Abokinsa yake zuwa gaisarwa duk shekara, kuma hagun nan ita kaɗai ta rage masa."

Saja ta fashe da kuka. Ta tuna duk safiyar da ta ce masa wannan wane irin soja ne. Ta tashi ta shiga ɗakin, ta durƙusa a gaban gado.

"Kaka, ka yafe mini. Ban sani ba. Ban ma tambaya ba."

Kaka ya share mata hawaye da babban yatsansa. Ya ce saja ba ta kuka a gaban kofur, sai sojoji su raina ta. Ya ce ya yafe, amma fa shi ba ya son a sake yi mata dariya a gaban jama'a saboda shi. Gara ya zauna a gida ya ji a rediyo.

Saja ta miƙe. Ta ja hanci, ta gyara tsayuwa.

"Kofur, ga sabon umarni. Za ka je fili. Kuma da hagu za ka sara."

Kaka ya dube ta. Can sai gefen bakinsa ya motsa. "An gama, Saja."

Ita ta fito da kakin daga akwati. Mama ta goge shi, Saja ta zauna da tsumma tana goge lambobin har suka yi ƙyalli. A makaranta kuma ta nemi izinin Malama, ta tsaya gaban aji ta ba da labarin kafaɗar. Yaron nan mai maganar hutu ya sunkuyar da kai. Bayan an tashi ta raɗa wa Malama wata alfarma, Malama ta gyaɗa kai.

Ranar ta zo, filin gari ya cika. Tsofaffin sojoji sun jeru a gaba, wani da sanda, wani a keken guragu, wani kunnensa ba ya ji sai an yi masa ihu. Kaka na ƙarshen layi, hularsa zaune daram.

Saja ta taka a hankali, ta ajiye furanni a gindin dutse. Sai dai ba ta koma layin 'yan makaranta ba. Ta wuce kai tsaye wurin tsofaffin, ta tsaya a gefen Kaka na dama, daidai inda hannun nan yake rataye.

Aka busa begila. Fili ya yi tsit, ko tari babu. Kaka ya ɗaga hagunsa. Saja ta ɗaga damarta, yatsu a haɗe, daidai gefen goshi. Ta saci kallonsa, ta ga hawaye na bin kumatunsa, yana kallon wani suna a jikin dutsen. A wannan karon babu wanda ya yi dariya.

Da aka gama, Kaka ya sunkuyo ya tambaye ta me ya fito da ita daga layi, ko saja ta manta doka ne.

"Mama ta ce hannunka na dama ba ya tashi," in ji ta. "To ga shi ya tashi. Ni ce."

Kaka ya jawo ta jikinsa da hagu, har lambobin suka yi mata sanyi a kumatu. Sannan ya kai ta gaban dutsen, ya ɗora yatsa a kan sunan, ya ce wa abokinsa ga jikarsa ya kawo, ita ce shugabarsa yanzu.

Tun daga ranar Saja ta koyi darasi. In ka ga mutum yana abu ba yadda ka saba ba, kada ka yi saurin yi masa dariya ko gyara. Ka fara tambaya, domin wataƙila akwai ciwon da ya ɗauka saboda wasu. Har yanzu tana gyara wa Kaka hula kowace safiya, amma ta daina tambayar wane irin soja ne. Ta riga ta sani.