Daminar da Baba Ya Ƙi Kashe Inji

"Ka kashe ko ba ka kashe ba?"

"Na rage masa wuta."

"Ba ragewa na tambaye ka ba, Baban Legi. Shekara arba'in mahaifinka yana wuce kwanar nan, ko tari bai taɓa yi ba."

"Ai kuwa ya mutu da kantar filafili a tafin hannu. Zuba min shinkafa."

Haka Inna da Baba suke kowace yamma tun da ya sayi kwale-kwale mai inji a farkon damina. Kafin nan da filafili yake tuƙa waken lambunmu da kabewa da barkono, ya gangara kogin Commewijne zuwa kasuwa. A hanyar akwai wata kwana mai tsohon rimi, kuma kowa ya san wurin yana da mai shi, na ɓoye. Ba ya neman jini, ba ya neman kaza. In ka zo ka ɗaga filafili, ka rufe bakinka, ruwa ya wuce da kai. Shi ke nan.

To, injin Baba na hannu ne. In ya yi zafi aka kashe shi, sai an finciki igiya sau ashirin. Ranar farko ya kashe a kwanar, ruwa ya tura shi cikin ciyawa, yana ta fama, masu jiragen haya suna wucewa suna tambayarsa ko a kawo wa jaririn nono. Daga ranar bai sake kashewa ba. Yayata Legi ce ke zama a gaban jirgin tana riƙe kwanduna, ita kuwa ko a gida sai ka manta tana ɗakin.

Inna ta buɗe baki za ta ƙara, sai wani abu ya faɗo kan kwanon rufi. Ya gangaro a hankali, ya faɗi ƙasa. Aka sake jefo wani. Magariba ta kawo kai, kwaɗi sun yi tsit, abin da ba su taɓa yi ba a damina. Baba ya fita da fitila ya dawo da curin laka mai sanyi, audugar rimi manne a jikinta. Babu rimi ko ɗaya a ƙauyenmu.

Sai muka ji injin yana tari. Ba daga bakin ruwa ba, daga cikin gida.

Ni aka fara kallo, kuma ban ga laifinsu ba. Ni Sarti, babu muryar da ta fi ƙarfina a layinmu. Na taɓa yin muryar mai sayar da kifi har Inna ta fito da kwano. Injin ma na iya shi, har shaƙewar da yake yi kafin ya kama. Sau biyu ina shiga ƙarƙashin gidanmu da ke kan turaku in yi, Baba ya zabura da adda yana neman ɓarawo. Don haka na sha mari kafin in ce uffan. Washegari da magariba aka sake jifa, aka sake tari, na sake shan mari. Rana ta uku Inna ta sa na guntsi ruwa, ta zaunar da ni a gabanta ta tsare ni da ido.

Kumatuna a cike, injin ya yi tari. Muka waiwaya. Legi na zaune a bakin ƙofa, bakinta a rufe, maƙogwaronta yana rawa.

Ba wanda ya ba ni haƙuri.

Daga nan abinci ya fita ran Legi. Da rana ta kwanta ta toshe kunnuwa, wai ƙara ta yi yawa, alhali ko kaza ba ta motsi. Rana na faɗuwa sai ta miƙe ta nufi kogi, ba sauri, kamar wadda aka aika. Ranar da aka tsamo ta laka ta kai mata cinya, Inna ta fara ɗaure hannunta da nata da ɗankwali. Baba kuwa kullum da safe ya tafi kasuwa, kuma muna jin ƙararsa har ya sha kwanar, bai rage ba.

A rana ta tara Inna ta aika wa Malam Tukiman. Ya zo da kansa, da filafili, tsoho mai ido ɗaya da ke karantarwa a ƙauyen gaba. Ya sa aka kawo baƙin kofi da furanni a faranti, ya kunna turare, ya zauna gaban Legi ya fara karatu ƙasa-ƙasa. Hasken waje yana ƙarewa. Ya daɗe yana yi kafin ta ɗago kai.

Muryar da ta fito ba mai ban tsoro ba ce yadda na zata. Ta tsoho ce da ya gaji, mai taushi, kamar wanda aka tasa daga barci.

"Kun cika ƙara," in ji shi.

Malam ya tambaye shi ko wane ne. Ya ce shi ne mai gindin rimi, yana nan tun kafin a sauke kakanninmu daga jirgi su yi aikin rake. Ya ce bai taɓa kifar da jirgin kowa ba. Sauran masu inji duk suna kashewa, mutum ɗaya ne ya mai da gidansa maƙera. Malam ya ce to me yarinya ta yi masa. Ya ce ba ta yi komai ba. Ita kaɗai ce ke sunkuyar da kai in an zo kwanar, ta ce a yi haƙuri a cikin ranta. Ya leƙa ya ga akwai shiru a cikinta, sai ya shiga ya huta.

Malam ya ce wannan zalunci ne, ya faɗi abin da yake so ya fita.

"Ubanta ya jefa injin a gindin rimi, in sakar masa 'ya. Ko ya riƙe nasa, in riƙe nawa."

Malam ya juya ya dubi Baba. Inna ma. Baba ya sosa ƙeya. Ya dubi ƙasa, ya dubi ƙofa, wajen da jirgin ke ɗaure. Turare ya ci ya kusa rabi. Ina jin kofin kofi yana hucewa. Da ya buɗe baki, cewa ya yi ko in an naɗe injin da buhu ƙarar za ta ragu.

Malam ya mai da fuskarsa ga Legi. Shi ya ci gaba da ciniki, ya ce a bar injin, amma a riƙa kashewa tun daga nesa, a wuce shiru, zuwa da dawowa. Baba ya ce zuwa dai babu laifi, amma dawowa in ruwa na janyewa akwai wuya. Inna ta kira sunansa na yanka, abin da ban taɓa ji daga bakinta ba. Ya ce to, ya yarda.

Sai bakin Legi ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Na ɗauka abu mai daraja na kama. Da na sani, da injin na shiga."

Ta yi atishawa sau uku, ta zube a cinyar Inna. Kwaɗi suka ci gaba da kukansu.

Ta farka ba ta tuna komai ba. Inna ta ja kunnena ta ce in na sake na faɗa mata, sai ta yanke min harshe. Na yi kwana uku ina haƙuri. Rana ta huɗu muna tsinkar wake Legi ta ce, "Sarti, don Allah yi min yadda aka yi."

Na yi mata Malam da idonsa ɗaya, ta yi dariya. Na yi mata tsohon, ta daina. Sannan na yi mata Baba. Na sosa ƙeya, na dubi ƙasa, na dubi bakin ruwa. Na tsaya a haka. Can ta ce ya isa. Na ce mata da saura, ko rabi ban kai ba.

Da yamma muna cin rogo da busasshen kifi, Baba na ba da labarin yadda ya finciki igiya sau goma sha bakwai a bayan kwanar, kafaɗarsa kamar za ta cire. Legi ta ajiye cokali.

"Baba, da tsohon ya ce lallai sai ɗaya, wanne za ka ba shi?"

Inna ta harare ni. Baba ya tauna rogonsa, ya cire ƙaya daga haƙori, ya dube ta kamar ita ce ba ta gane ba.

"Injin ƙarfin doki goma sha biyar ne fa."